Fitilar man girki idan an ɗauke wuta: me ya sa lagwanina yake cinyewa?

Uwar Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan al'amari. Daren jiya an ɗauke wuta bayan an yi ruwa da iska mai ƙarfi, batirin tocilarmu ya mutu, cajin wayata saura kaɗan, kuma babu kyandir ko guda a gidan. Sai na tuna an taɓa gaya mini cewa ana iya haɗa fitila da man girki. Na ɗauko wata doguwar kwalba mai murfin ƙarfe, na huda murfin da ƙusa, na zuba mai kamar rubu'in kwalbar, sannan na yago tsumma na murɗa shi na zura ta hudar har ya taɓa man. Da na ƙyasta ashana ya kama, amma bai yi minti biyu ba ya zama toka, wutar ta mutu. Sau huɗu ina maimaitawa, har ɗakin ya cika da ƙauri, na haƙura muka kwana a duhu. Ina so in san inda na yi kuskure, domin ba na son irin wannan dare ya sake samuna ba tare da shiri ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsawon kwalbar ne ya hana ki haske. Aikin lagwani shi ne ya tsotso mai ta 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin zaruruwansa, kamar yadda bakin zane yake shan ruwa idan ya taɓa jiƙaƙƙen daɓe, har ya kai shi inda wuta take. A can zafi yake mai da man ya zama tururi, kuma tururin nan ne yake ci. Muddin mai yana isowa da sauri, lagwanin kansa ba ya ƙonewa sai ɗan bakinsa kawai. Idan kuwa man ya yi jinkiri a hanya, wutar ba ta da abin ci sai audugar, shi ya sa kika ga toka.

Abin da ya rikita ki, a ganina, shi ne kin kwaikwayi siffar fitilar kananzir. Kananzir tsinkakke ne, yana hawa lagwani da sauri ko da tankin yana can ƙasa. Man girki kuwa, na gyaɗa ne ko na zaitun ko na waken suya, yana da kauri ƙwarai, hawansa a hankali ne, saboda haka dole harshen wutar ya zauna dab da fuskar man. Kada tazarar da ke tsakanin saman mai da bakin lagwani ta wuce santimita 1 zuwa 2. Ki nemi gajeriyar kwalba mai faɗin baki da kaurin jiki, ko ƙaramin kwanon ƙarfe, ko kasko. Ki sami waya ta ƙarfe ko ta jan ƙarfe wadda aka feɗe robarta, ki naɗa ta a jikin ƙusa sau biyar ko shida ta zama kamar bututu, sannan ki buɗe sauran ta zama da'ira mai faɗi da za ta zauna a gindin kwalbar, ki bar ɗaya bakin dogo ki lanƙwasa shi a leɓen kwalbar domin ya zama mariƙi. Ki zura lagwanin a cikin naɗin, ki zuba mai har ya kusa kai bakin naɗin, ki bar lagwanin ya sha mai sosai na wasu mintuna kafin ki kunna. Wannan jira yana da muhimmanci, domin busasshen lagwani ƙonewa kawai yake yi.

Uwar Yara Uku:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane, domin tsakanin man da murfin akwai fiye da tsawon tafin hannuna. To tsumman fa? Tsohuwar rigar makaranta ce ta yaro na yaga.

Tela Mai Ɗinkin Hannu:
Hajiya, a nan ma akwai magana. Yawancin irin waɗannan riguna ba auduga ce zalla ba, an gauraya ta da zaren roba. Zaren roba idan ya ji wuta narkewa yake yi, ya dunƙule ya toshe hanyar da mai zai bi, kuma shi ne yake ba da wannan ƙaurin mai hawa kai. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki zare zare ɗaya ki kai shi bakin ashana a waje. Idan ya ci kamar takarda ya bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa, auduga ce. Idan ya ƙanƙance yana gudun wutar, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri, to roba ce, ki ajiye shi. Abin da ya fi dacewa shi ne abawa, ko igiyar auduga, ko zaren tsumman goge daɓe sabo na auduga, ko farin ƙyalle marar rini a yanka shi siriri a kitsa. Kitson kada ya yi tsauri da yawa, domin idan aka matse zaren ƙwarai mai ba ya samun hanyar wucewa. Ko audugar da ake goge ciwo da ita, idan aka murza ta tsakanin tafin hannu ta zama siririya, tana yin aiki na dare ɗaya.

Mai Gyaran Lantarki:
Duk wannan gaskiya ne, amma ni ina da ja a kan amfanin abin gaba ɗaya. Na gwada irin wannan fitila sau da yawa, haskenta bai taka kara ya karya ba. Abin da na koma yi shi ne in ɗiga kananzir kaɗan a cikin man, kamar kashi ɗaya cikin biyar, sai ka ga ya tsinke, yana hawa lagwani da kyau, wutar ta tashi ta yi haske. Shekara biyu ke nan ina yin haka ban ga wata matsala ba.

Ma'aikacin Kashe Gobara:
Ɗan'uwa, ina roƙonka da girman Allah ka daina, kuma kada wani a nan ya ɗauki wannan shawara. Zan yi bayani dalla-dalla domin kada a ce tsoratarwa kawai nake yi.

Kowane mai yana da wani mizanin zafi da idan ya kai, tururin da ke tashi daga fuskarsa zai kama da zarar wuta ta kusance shi. Na fetur yana ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifiri, ma'ana a kusan kowane yanayi da mutum yake rayuwa a ciki fetur yana fitar da tururi mai kamawa. Na kananzir yana farawa ne daga wajen digiri 38 a ma'aunin Selshiyas, zafin da ɗaki mai rufin kwano yake iya kaiwa da rana, balle kwalbar da wuta take ci a cikinta. Na man girki kuwa yana sama da digiri 250. Wannan tazara ita ce duk dalilin da ya sa ake iya barin man girki a buɗaɗɗen mazubi wuta tana ci a tsakiyarsa: ko ka jefa ashana mai ci a cikin sanyayyen man girki, mutuwa za ta yi. Ranar da ka zuba kananzir a ciki, ka zubar da wannan kariya da hannunka, domin buɗaɗɗiyar kwalba ce, kuma zafin wutar yana ɗumama saman man kullum. Fitilar kananzir ta gaskiya an ƙera ta ne da rufaffen tanki da matsattsen wuya daidai saboda wannan haɗari.

Akwai kuma abin da ba ka iya gani da ido. Wani lokaci kananzir yana zuwa a gurɓace da fetur, ko dai da gangan ko kuma saboda an zuba shi a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur. Mun sha zuwa gidajen da fitila ta fashe a hannun mai ita a lokacin da yake ƙara mai tana ci. Shekara biyu ba tare da matsala ba ba hujja ba ce, domin gobara sau ɗaya take zuwa. Fetur, kananzir, man dizal, sinadarin tsinka fenti, barasar goge ciwo, turaren fesawa, babu ko ɗaya da ya halatta ya shiga buɗaɗɗiyar fitila ta gida.

Mai Gyaran Lantarki:
Na ji, Yallaɓai, kuma maganar gurɓataccen kananzir ta shige ni, domin ban taɓa kawo ta a raina ba. Amma har yanzu ba a amsa mini batun haske ba. Mene ne amfanin fitilar da mutum ba zai iya karatu da ita ba? Sannan ina tambaya game da baƙin mai na inji, tunda shi kauri gare shi kamar man girki.

Ma'aikacin Kashe Gobara:
Baƙin mai ba ya saurin kamawa kamar kananzir, wannan gaskiya ne, amma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da dattin ƙonewar inji, kuma sau da yawa akwai ragowar fetur a cikinsa. Hayaƙinsa guba ne, bai dace a shaƙe shi a cikin ɗaki ba ko na minti goma.

Ɗalibin Injiniya:
Bari in ɗan sa lissafi a kan batun haske, domin kowa ya san abin da zai sa rai da shi. Kyandir guda yana ba da haske kimanin lumen 12 (lumen ma'aunin yawan haske ne), alhali tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Fitilar man girki mai lagwani ɗaya tana nan kusa da kyandir. Saboda haka Malam mai gyaran lantarki yana da gaskiya cewa ba ta cika ɗaki da haske. Abin da take yi shi ne ta nuna maka ƙofa, ta nuna maka fuskar yaro da kwalbar magani, ta hana ka taka abin da zai ji maka ciwo.

Idan ana son ƙari, kuskure ne a ja lagwani ya yi tsawo. Launin rawaya da muke gani a harshen wuta ƙananan ƙwayoyin baƙin gawayi ne da suka yi zafi suna haskawa, kuma a harshen wuta madaidaici suna ƙonewa kafin su fita. Idan lagwani ya yi tsawo, yana kawo mai fiye da yadda iskar da ke kewaye za ta iya ƙonewa, sai ƙwayoyin su tsere su zama baƙin hayaƙi da kunkunniya a rufi. A datse shi da almakashi ya rage kamar milimita 5 ko 6 a sama da wayar. Wanda yake son haske ninki biyu ya haɗa fitila biyu, ko ya sa lagwani biyu nesa da juna a kwano mai faɗi. Sannan a ajiye madubi, ko murfin tukunya mai ƙyalli, ko takardar alminiyam a bayan fitilar, domin hasken da zai tafi bango ya dawo inda ake bukata. Farin bango ma yana taimakawa.

Game da yawan man da take sha: giram ɗaya na man girki yana ɗauke da kimanin kilojul 37 na makamashi, babban cokali ɗaya kuma mililita 15 ne, wato kusan giram 14. Harshen wuta irin na kyandir yana fitar da zafi na wat 70 zuwa 80. Idan aka raba, cokali ɗaya zai yi kusan awa biyu. Ke nan cokali uku sun isa daga magariba zuwa lokacin kwanciya, babu dalilin cika kwalba da mai.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni kuma zan tsaya a wani gefe dabam da na kowa, ku yi mini haƙuri. A ra'ayina, gidan da ke da ƙananan yara, kamar na 'yar'uwarmu da ta yi tambaya, bai kamata ya dogara da buɗaɗɗiyar wuta ba ko kaɗan. Ƙaramar fitila mai caji da hasken rana, ko tocila da batir na ajiya, sun fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Na yi jinyar yaran da suka ƙone, kuma a mafi yawan lokuta labarin iri ɗaya ne: an ajiye wuta a ƙasa ko a bakin gado, an fita na minti ɗaya, yaro ya miƙa hannu ko gidan sauro ya taɓa. Gidan sauro na roba yana kamawa cikin ƙiftawar ido, kuma yana narkewa ya manne a fata.

Sai batun iska. Duk wutar da ke ci tana cin iskar da muke shaƙa, kuma idan ba ta samun isasshiya tana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau sama da 200. Na yarda cewa harshen wuta ɗaya ƙarami ba ya fitar da ita da yawa kamar gawayi ko janareta, amma ɗaki ƙarami a rufe ruf, da fitila uku ko huɗu masu hayaƙi, da mai ciwon asma ko jariri a ciki, wannan ba abin wasa ba ne. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. Wanda ya ji su ya kashe wutar ya fitar da kowa waje. Kuma tun shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan makamashin cikin gida inda ta ja kunne a kan amfani da kananzir, saboda hayaƙinsa da ƙuna da kuma yaran da suke shan sa bisa kuskure idan an zuba shi a kwalbar abin sha.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Malama, babu wanda zai yi jayayya da ke cewa fitilar caji ta fi. Ni ma ita nake fara ɗauka. Amma tambayar da aka yi ta daren da komai ya mutu ce, kuma irin wannan dare yana zuwa ga kowa: batir yana lalacewa a ajiye, hadari yana iya rufe rana kwana uku, ambaliya ko guguwa tana iya katse wuta mako guda. Mutumin da bai san hanyar da ta dace ba, idan ya matsu, ba zama zai yi a duhu ba, zai ƙirƙiro tasa, kuma mun ga a nan cewa abin da hannu yake fara kaiwa gare shi kananzir ne. Na fi son uwa ta san yadda ake yin wannan abu daidai, ta ajiye shi a matsayin mafita ta ƙarshe, a kan ta yi gwaji cikin duhu da yara a gefenta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Da wannan sharaɗi na yarda, Malam: mafita ta ƙarshe, kuma babba yana zaune a wurin idonsa biyu. To tunda za a yi, bari in faɗi abin da ya shafi fannina. Idan wani ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. Kada a shafa mai, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko toka, kuma kada a fasa ƙurjin ruwan da ya taso. Idan tufa ta manne a fata kada a fizge ta. Ƙunar da ta shafi fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura, ko ta fi tafin hannun wanda ya ƙone faɗi, ko ta sami jariri, asibiti za a nufa kai tsaye. A bar taga a buɗe kaɗan duk lokacin da fitilar take ci.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗi. Wannan abin da kuke bayani da lissafi shi ne aci-bal-bal, wadda na yi karatu a gabanta shekaru masu yawa. Abu ɗaya nake so in ƙara wanda ban ga an ambata ba, shi ne ɓera. Man girki abinci ne a wurinsa, yana jin ƙanshinsa daga nesa, kuma yana iya jan lagwanin da wuta a jikinsa ya kai shi kan tabarma ko cikin kaya. Wannan ba sabon abu ba ne: ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe fitilu idan za a kwanta, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Kyanwa ma tana iya ture ta. Saboda haka idan barci ya fara ɗaukar mutum, ya kashe, ya rufe kwalbar da murfinta. Kuma mu a da kullum a kan faranti mai yashi muke ɗora ta, yadda ko ta kife yashin zai shanye man.

Mai Son Tarihi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar Malam ta cewa dole wuta ta zauna kusa da mai, duk tarihin fitila shaida ne a kanta. A kogon Lasko da ke Faransa an sami fitilar dutse mai kamar cokali wadda ta kai kimanin shekara 17,000, kitsen dabba ake sawa a cikinta. Mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suna da tasu ta dutse mai faɗi marar zurfi, suna jera lagwani a gefenta. Fitilun yumɓu na Rumawa da na Indiya duk gajeru ne, bakin lagwanin yana dab da man. Ko da Aime Argand, mutumin Janeba, ya ƙirƙiro fitilarsa mai zagayayyen lagwani da bututun gilashi wajen shekarar 1780, wadda ta ninka kyandir haske sau da yawa, sai da aka ɗora tankin man a sama da wurin wutar domin man ya gangaro da kansa, saboda kaurinsa ba ya barin ya hau. Doguwar fitila mai tanki a ƙasa ta yaɗu sosai bayan da kananzir ya shigo a shekarun 1850.

Akwai kuma wata dabara da za ta amfani Hajiya: zuba ruwa a ƙasa, mai a sama. Haka aka riƙa yi a fitilun gilashi da ake ratayewa a masallatan Alƙahira a zamanin sarakunan Mamluk na Masar. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka yana zama a sama. Ruwan yana ɗago shi kusa da bakin kwalba, yana sanyaya gilashin, kuma idan man ya ƙare wutar tana mutuwa da kanta. Sannan masanin tarihin Girka Herodotus ya ba da labarin bikin fitilu a garin Sayis na Masar, inda ya ce ƙananan kwanoni ne cike da gishiri da mai, lagwani yana bisa. Gishiri ko yashi a gindin kwano yana riƙe lagwani a tsaye ga wanda ba shi da waya.

Ma'aikacin Kashe Gobara:
Dabarar ruwa a ƙasa tana da kyau ga ƙaramar fitila, domin man da ke cikinta ba ya yin zafin da zai tafasa ruwan. Amma kada wannan ya sa wani ya ɗauka cewa ruwa yana kashe wutar mai. Idan mai ya yi zafi har fuskarsa duka ta kama, ruwan da aka watsa yana nutsewa ƙasa, ya zama tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watso man mai ci sama da gefe. Abin yi shi ne a rufe da murfin ƙarfe ko faranti a toshe mata iska, ko a zuba yashi, kuma kada a ɗauki mazubin a ruga waje da shi. Saboda haka tun kafin a kunna a ajiye murfin da ya fi bakin kwalbar faɗi a kusa.

Sauran sharuɗɗan da nake gaya wa mutane su ne waɗannan. Mazubi ya zama gilashi mai kauri, ƙarfe ko yumɓu, ban da roba ko wace iri ce. Harshen wutar ya tsaya a tsakiya, domin idan yana lasar gefe ɗaya na gilashi, wurin zai buɗe da zafi sauran yana sanyi, kwalbar ta tsage. Kwalbar da ke da ko ɗan tsagu a jefar da ita. A ɗora fitilar a kan abu mai ƙarfi da ba ya girgiza, sama da inda hannun yaro yake kaiwa, nesa da labule, katifa, takardu da tukunyar gas da aƙalla tsawon hannu biyu, kuma a duba abin da ke samanta, domin zafi sama yake tashi, yana iya cin katakon kanta. Ba a ƙara mai tana ci, ba a yawo da ita daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan kuma ana jin warin gas, ko bayan girgizar ƙasa ko rushewar gini inda bututu zai iya fashewa, ko ashana ba a ƙyastawa.

Uwar Yara Uku:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da rana, yara suna makaranta, na sake gwadawa a tsakar gida yadda kuka bayyana. Na sami gajeriyar kwalba mai faɗin baki, na zuba ruwa zuwa rabi, na ƙara mai cokali uku a sama, na naɗa wayar jan ƙarfe a jikin ƙusa, na kitsa zaren auduga uku bayan na gwada shi da ashana kamar yadda Malam tela ya ce. Na bar shi ya jiƙa minti goma. Ta kama lafiya, babu hayaƙi sai lokacin da na ja lagwanin sama don in ga abin da zai faru, nan take baƙin hayaƙi ya taso, na datse shi ya koma daidai. Sai dai bayan kamar awa ɗaya da rabi wutar ta fara tartsatsi tana ƙara, sannan ta mutu alhali akwai sauran mai da yawa a sama. Me ya jawo haka? Kuma ina da ragowar man da na yi suya da shi, ko zai yi?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Madalla Hajiya, kin yi aiki mai kyau. Tartsatsin nan ruwa ne. Wutsiyar lagwaninki ta zarce man ta shiga cikin ruwan da ke ƙasa, auduga kuwa tana son ruwa fiye da mai, sai ta fara tsotso shi, da ya isa wurin wuta ya yi ƙara ya kashe ta. Idan za ki sa ruwa a ƙasa, ki gajarta lagwanin yadda duk jikinsa zai tsaya a cikin man, ko ki lanƙwasa wutsiyar ta kwanta a kan da'irar waya a cikin man, kuma wannan yana bukatar kaurin man ya kai kamar santimita 2. A kwalba mai faɗi cokali uku ba za su yi wannan kauri ba, saboda haka ko dai ki nemi wadda ta fi ta ƙanƙanta, ko ki bar ruwan gaba ɗaya ki yi amfani da kwano marar zurfi. Wancan lagwanin da ya sha ruwa ki cire shi ki sa sabo.

Man da aka yi suya da shi yana ci, amma ki tace shi da ƙyalle tukuna, domin ɓurɓushin abinci yana toshe lagwani, kuma ki bar shi ya kwanta kwana ɗaya idan akwai ruwa a cikinsa ya sauka ƙasa. Zai fi sabo wari da hayaƙi kaɗan, don haka ya fi dacewa da baranda ko ɗaki mai taga a buɗe. Man da yake daskarewa idan an yi sanyi shi ma yana yi, sai dai ki ɗan narkar da na kusa da lagwanin kafin ki kunna. Da kin gama, ki haɗa kwalbar da murfinta, da wayar, da lagwani uku ko huɗu a bushe, da ashana a cikin leda, ki ajiye su wuri ɗaya a sama inda za ki iya laluba su ko a cikin duhu.